Daga Yatenga Zuwa Maraɗi: Tarihin Haɗin Gwiwar Ƙungiyoyin Manoma Wajen Farfaɗo da Ƙasa a Yankin Sahel

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram da tsakiyar rani, zai ga gonaki birjik da itatuwan gawo, ganyensu kore shar, a daidai lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. A ƙarƙashinsu kuma ga kalgo da sabara da aduwa da magarya. Baƙo zai ɗauka haka wurin yake tun fil azal, ko kuwa ya zaci wata hukuma ce ta dasa su. Alhali kuwa shekaru arba'in da suka wuce yawancin waɗannan gonaki fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama. Mafi yawan itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka raine su daga kututturen da ke cikin gonakinsu.

Wannan rubutu zai bi diddigin yadda aka yi wannan sauyi, musamman yadda ƙungiyoyin ƙauyuka na Burkina Faso da Nijar da Mali da Senegal suka riƙa koyo daga juna, suna tsallake iyakokin da Turawan mulkin mallaka suka shata. Tarihi ne da ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin biyu daga cikin manyan wuraren da abin ya faru, wato ƙasar Adar da ƙasar Maraɗi, ƙasashen Hausa ne.

Fari da Kafuwar Ƙungiyar Gwamnatoci

Daga 1968 zuwa 1974 yankin Sahel ya shiga wani fari mai tsanani wanda ya kai ƙololuwa a 1973. Amfanin gona ya lalace, garake suka ƙare, rijiyoyi suka ƙafe, dubban mutane suka bar garuruwansu suka kwarara birane da ƙasashen kudu. Ganin cewa masifar ba ta san iyaka ba, sai ƙasashe shida, wato Nijar da Mali da Cadi da Senegal da Muritaniya da Volta ta Sama, wadda aka sauya wa suna zuwa Burkina Faso a 1984, suka haɗu a Wagadugu cikin watan Satumba na 1973 suka kafa kwamitin yaƙi da fari da aka fi sani da CILSS. A shekarar da ta biyo baya aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin nazarin yanayi da ruwan sama da amfanin gona. A 1976 kuma ƙasashe masu ba da taimako suka kafa nasu dandalin, Club du Sahel, domin daidaita gudummawarsu.

Wannan shi ne haɗin gwiwa na farko, kuma na gwamnatoci ne zalla. Maganin da aka fi yarda da shi a lokacin shi ne dashen itatuwa. Aka kakkafa wuraren rainon iri, aka killace filayen ƙauyuka, aka dasa darbejiya da turare da wasu itatuwan da aka shigo da su daga nesa. A Nijar, tun daga 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. An samu nasara a wasu wurare, kamar kwarin Majiya, inda daga 1975 ƙungiyar CARE ta taimaka aka dasa dogayen layukan darbejiya domin tare iska. Amma a mafi yawan wurare dashen bai yi ƙarko ba. Wanda awaki ba su cinye ba, gara ko zafin rana sun kashe shi, kuma babu wanda ya damu ya ba shi ruwa, saboda babu wanda ya ɗauke shi a matsayin nasa.

Itacen Wa?

Tushen wannan halin ko-in-kula yana cikin doka. Tun a 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji a yankunan da take mulka na Afirka ta Yamma, wadda ta ba hukuma iko a kan dazuzzuka da wasu nau'o'in itatuwa ko da a cikin gonar mutum suke. Bayan 'yancin kai sababbin gwamnatoci suka gaji wannan tsari. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta lissafa itatuwan da aka hana taɓawa sai da izini, ciki har da gawo. Manufar ita ce kare itace, amma sakamakon ya zo a juye. Manomin da ya bar gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa malamin daji da tara, domin ko reshe ya sara zai iya biyan kuɗi. Saboda haka dabara ita ce a tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya zama abin magana. Bugu da ƙari, malaman gona na lokacin suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da cikas ba.

Kafin zuwan Turawa ma akwai dokokin kare itace a ƙasar Hausa. Ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo. Manoma kuwa sun daɗe da sanin darajar wannan itace: yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ashe ilimin yana nan. Abin da ya ɓace shi ne tabbacin cewa wanda ya raini itace shi zai ci moriyarsa.

Ƙungiyoyin Naam da Six-S

A lardin Yatenga na arewacin Burkina Faso, ƙasar Mosawa, wani malamin makaranta mai suna Bernard Ledea Ouedraogo ya lura cewa ƙungiyoyin gama-kai da gwamnati ke kafawa ba sa kama zukatan jama'a. Sai ya waiwayi wata tsohuwar al'ada ta Mosawa da ake kira Kombi-Naam, inda samari da 'yan mata na ƙauye ke haɗuwa su yi aikin gona tare, kamar dai gayya a wurin Hausawa. Daga 1967 ya fara gina ƙungiyoyin Naam a kan wannan tushe, cibiyarsu na garin Wahiguya. Aƙidarsa ita ce a kawo ci gaba ba tare da an rusa abin da aka tarar ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

A 1976 shi da wani Bafaranshe mai suna Bernard Lecomte suka kafa ƙungiyar Six-S. Sunan ya samo asali ne daga kalmomi shida na Faransanci masu farawa da harafin S, ma'anarsu kuwa ita ce cin moriyar lokacin rani a yankin Sahel. Tunanin mai sauƙi ne. Manomin Sahel yana aiki wata huɗu ko biyar, sauran watannin kuma ko zaman kashe wando ko tafiya cin rani. Idan aka samu ɗan jari da horo, za a iya amfani da waɗannan watanni wajen gina madatsun ruwa da haƙa rijiyoyi da noman lambu da gyaran ƙasar da ta mutu.

Abu biyu ne suka bambanta Six-S da sauran ƙungiyoyin agaji na zamaninta. Na farko, kuɗin da take samu daga masu taimako ba a ɗaure shi da wani aiki takamaimai ba. Wakilan manoma ne ke zama su yanke abin da za a yi da shi. Na biyu, tun daga farko ba ta tsaya a ƙasa ɗaya ba. Ta haɗa dubban ƙungiyoyin ƙauyuka a Burkina Faso da Senegal da Mali da Togo da Nijar da wasu ƙasashen, tana shirya tarurruka da ziyarce-ziyarce inda Bamoshe zai zauna da Bambara da Bawolof su yi musayar dabaru. Wannan ne karo na farko da manoman Sahel suka samu dandali nasu na kansu wanda ya ƙetare iyaka. An karrama Ouedraogo da lambar yabo ta Right Livelihood a 1990. A farkon shekarun 1990 Six-S ta raunana, domin ta dogara ƙwarai da kuɗin waje, amma shugabannin manoman da suka san juna ta hanyarta su ne suka gina ƙungiyoyin da suka biyo baya.

Daga Zai Zuwa Tassa

A Yatenga ɗin dai aka farfaɗo da wasu dabaru biyu na gargajiya. Ta farko ita ce jera duwatsu a gona domin rage gudun ruwa. Manoma sun san wannan tun da, har a ƙasar Adar, amma matsalar ita ce gane inda ƙasa ta daidaita, domin idan layin ya karkace ruwa zai taru a gefe ɗaya ya ɓalle. Wani shiri na ƙungiyar Oxfam da aka fara a 1979, wanda Mathieu Ouedraogo ya jagoranta daga baya, ya koya wa manoma amfani da dogon tiyon roba da aka cika da ruwa, an ɗaura kowane baki nasa a jikin sanda mai awo. Da wannan ɗan kayan aiki mai araha, mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana iya fitar da layi madaidaici cikin kwana ɗaya ko biyu na koyo.

Dabara ta biyu ita ce zai, wato haƙa ƙananan ramuka a faƙo. Wani manomi na ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya, Yakuba Sawadogo, ya faɗaɗa ramukan ya ƙara musu zurfi, ya riƙa haƙa su tun da rani, yana zuba taki a ciki. Takin na jawo gara, gara kuma ta huda ƙasa ta yi hanyoyin da ruwa zai bi ya nutse. Idan ruwan farko ya sauka, ramin ya riƙe shi, sai a shuka gero ko dawa. Cikin takin kuma akwai ƙwayoyin itatuwan da dabbobi suka ci, waɗanda ke tsirowa tare da hatsin. A haka Sawadogo ya mayar da faƙo ya zama kurmi. Daga 1984 ya fara shirya wata kasuwa sau biyu a shekara, inda manoma daga ƙauyuka masu yawa ke zuwa musayar iri da dabaru, ya kuma kafa ƙungiyar yaɗa zai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da tsakanin hekta 200,000 zuwa 300,000 a tsakiya da arewacin Burkina Faso ta waɗannan hanyoyi.

A nan ne labarin ya shigo ƙasar Hausa. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ke tallafa wa a yankin Illela na jihar Tawa ya ɗauki manoma 13 ya kai su Yatenga. Ba a ce musu ga abin da za su kwaikwayo ba. Sun ga jerin duwatsu, sun ga zai, sai suka tuna cewa su ma suna da irin waɗannan ramuka da suke kira tassa, sai dai nasu ƙanana ne kuma an kusa mantawa da su. Da suka dawo gida wasu daga cikinsu suka gwada a 'yan hektoci kaɗan. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, sai ya zamana gonakin tassa sun ba da amfani a inda maƙwabtansu suka tashi a tutar babu. Gani ya kori ji. Cikin 'yan shekaru aikin ya mamaye dubban hektoci a kewayen Illela da Badagishiri. Faƙon da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka samu sana'ar haƙa tassa da ramukan rabin wata a kan lada, maimakon tafiya cin rani. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso da fiye da mita 10 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe lambuna.

Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar abin da aka kashe a kan wannan tafiya idan aka gwada da abin da ta haifar. Mota ɗaya da guzurin 'yan kwanaki sun yi abin da manyan injunan gyaran ƙasa suka kasa yi a wurare da yawa, domin aikin da inji ya yi manomi na jiran inji ya dawo ya gyara, wanda kuwa ya yi da hannunsa shi zai kula da abinsa.

Sassabin Zamani a Maraɗi

A daidai wannan zamani wani abu na faruwa a Maraɗi. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya shafe shekaru yana raba dashe yana kallon yadda yake mutuwa. A 1983, ya tsaya a kan wata hanya mai rairayi domin rage iskar tayoyin motarsa, sai ya duba wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce, ya gane cewa toho ne na kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture kuwa miliyoyi ne a gonaki, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da masu sara. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa, itacen na girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Manoman Maraɗi suka raɗa wa wannan aiki suna sassabin zamani.

Da farko mutane ƙalilan ne suka yarda, aka kuma yi ta yi musu dariya. Sai ga yunwar 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, har mutanen yankin suka laƙaba mata suna El Buhari. A cikin shirin ba da abinci a madadin aiki, aka sa wa ƙauyuka kusan ɗari sharaɗin barin itatuwa a gonakinsu, aka raini kimanin itatuwa 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi, ga na sayarwa idan rumbu ya yi ƙasa. Daga nan aikin ya ci gaba da yaɗuwa daga gona zuwa gona, ba tare da an biya kowa ba. A watan Mayu na 1984 ɗin ne kuma gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai jama'a sun riƙe shi da kansu.

Rainon itace aikin mutum ɗaya ne, amma tsaronsa sai an taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga na yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitocin sa ido da suka ƙunshi maza da mata da wakilan Fulani makiyaya. Suka tsara dokokin sara da na kiwo, suka sa tara a kan ɓarawon itace, suka nemi hakimai da malaman daji su mara musu baya. Ɗan Saga ta zama makaranta, baƙi daga sassan Nijar da ƙasashen waje na zuwa gani da ido.

Duniya ba ta farga da girman abin ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam. Suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200.

Segu, Praia da Sauyin Dokoki

Abin da ke faruwa a ƙauyuka ya tilasta wa gwamnatoci sake tunani. A 1989 CILSS da Club du Sahel suka kira taro a Segu ta ƙasar Mali, inda aka zaunar da wakilan ƙungiyoyin karkara tare da jami'an gwamnati da masu ba da taimako domin tattauna yadda ƙauyuka za su riƙa kula da albarkatunsu. A 1994 aka sake wani taron a Praia, babban birnin Kef Bad, kan mallakar ƙasa da miƙa iko ga ƙananan hukumomi. Daga wannan taro ne tunanin kafa dandalin manoman Sahel ya yi ƙarfi.

A Mali, jami'an gandun daji sun yi ƙaurin suna wajen cin tara a zamanin Musa Tarawore, don haka da gwamnatinsa ta faɗi a watan Maris na 1991, suna cikin waɗanda fushin talakawa ya fara faɗa wa. Aka sake dokar daji a tsakiyar shekarun 1990. A filin Seno na ƙasar Dogon, wata tsohuwar ƙungiyar gargajiya mai tsaron itatuwa da ake kira Barahogon, wadda dokokin hukuma suka danne, ta sake miƙewa da taimakon ƙungiyoyin SOS Sahel da Sahel Eco. Gidan rediyon Bankas ya riƙa bayyana wa manoma abin da sabuwar doka ta ba su dama a cikin harshensu. An ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kusan hekta rabin miliyan a wannan yanki. A Nijar kuwa an kafa dokar karkara a 1993, aka sake dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da wata doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raina a gonarsa. A duk waɗannan ƙasashe aiki ne ya riga doka, ita kuma ta biyo sawu.

Manyan Ƙungiyoyin Yanki

A shekarar 2000, a birnin Kwatano, ƙungiyoyin manoma na ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa gamayyar ROPPA. Cikin jagororinta akwai Mamadou Cissokho na Senegal, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gwagwarmayar ƙungiyoyin manoma tun shekarun 1970. ROPPA ta taka rawa wajen tsara manufar noma ta ECOWAS da aka amince da ita a 2005, inda ta dage a kan a ba ƙananan gonakin iyali muhimmanci. Makiyaya ma ba a bar su a baya ba. A 2003 ƙungiyar AREN ta Nijar da Tassaght ta Mali da CRUS ta Burkina Faso suka kafa gamayyar Billital Maroobe, domin kare burtali da makiyaya da mashaya, da kuma 'yancin ƙetare iyaka da dabbobi wanda ECOWAS ta amince da shi tun 1998. Muhimmancin wannan ga batunmu a fili yake: itacen da manomi ya raina yana kan hanyar garken makiyayi, idan babu yarjejeniya tsakaninsu to rigima ce za ta biyo baya.

Sassabin zamani shi ma ya yi tafiya. Ƙungiyar World Vision ta kai shi Humbo ta ƙasar Habasha daga 2006, inda ƙungiyoyin gama-kai bakwai suka farfaɗo da tsaunuka masu faɗin fiye da hekta 2,700. An kai manoman Kafrin ta Senegal ziyara Nijar, suka koma suka fara nasu. A 2009 aka soma shi a Talensi ta arewacin Gana. A 2018 aka ba Yakuba Sawadogo da Tony Rinaudo lambar Right Livelihood a shekara guda. Sawadogo ya rasu a watan Disamba na 2023.

Ƙalubale

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa komai ya tafi sumul. Tassa aiki ne mai cin ƙarfi da bukatar taki, don haka mai hali ya fi talaka cin moriyarta, wani lokaci ma talakan ne ke sayar da faƙonsa ya koma ɗan ƙwadago a cikinsa. Mata, waɗanda su ne suka fi shan wahalar neman itacen girki, ba kasafai suke mallakar gona ba. Manyan ƙungiyoyin yanki kuma har yanzu suna dogara da kuɗin waje, irin raunin da ya kayar da Six-S, sannan akwai haɗarin shugabanninsu su yi nisa da ƙauyukan da suke wakilta.

Gwamnatoci ma ba su rabu da son manyan ayyuka ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wadda aka fara zayyana ta a matsayin layin itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa kimanin hekta miliyan 4 kawai aka gyara a yankin da aka shata, daga cikin miliyan 100 da ake buri kafin 2030. Wannan bai kai abin da manoman kudancin Nijar kaɗai suka yi ba. Shi ya sa a yanzu masu shirin suka karkata ga dabarun manoma, maimakon ganuwa ɗaya miƙaƙƙiya.

Babbar barazana a yau ita ce rashin tsaro da rufe iyakoki. Yatenga da Bankas, wuraren da manoma ke zuwa ɗaukar darasi, suna cikin yankunan da hare-haren 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gonakinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakarta da Nijeriya na tsawon watanni, sannan Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Irin tafiyar da manoman Illela suka yi a 1989 ta fi wuya a yau fiye da wancan lokaci.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi na kimanin shekaru hamsin, za a ga abubuwa uku da suke maimaituwa a duk inda aka yi nasara. Akwai tabbacin cewa mai wahala shi zai ci amfani. Akwai ƙungiya ta gida, ko Naam ce ko Barahogon ko kwamitin ƙauye, wadda jama'a suka yarda da hukuncinta. Akwai kuma damar tafiya a ga abin da maƙwabci ya yi. Gwamnatoci da masu ba da taimako sun yi amfani a lokacin da suka buɗe waɗannan ƙofofi, sun kuma yi asarar dukiya a lokacin da suka nemi su yi aikin da kansu.

Ga mai karatu a Katsina ko Daura ko Gumel ko Sakkwato, wannan ba labarin nesa ba ne. Harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin iyakar biyu, gero ɗaya ake shukawa, iska ɗaya ke kaɗawa. Manoman kewayen Kano ma sun daɗe da shahara wajen barin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a gonakinsu, don haka su ma suna da abin koyarwa. Daga Jibiya zuwa Maraɗi bai kai tafiyar rabin yini ba. Manoman Illela sun yi tafiyar da ta ninka wannan sau da yawa, zuwa ƙasar da ba su jin harshenta, kuma abin da suka dawo da shi har yau jikokinsu na ci daga gare shi.